Amibar da Ta Hana Liman Limanci

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da Liman ya zo ɗakin gwajinmu da ƙafarsa ba. Lokacin ina wani ƙaramin asibiti a yankin Makarfi, ni kaɗai a ɗakin, ga damina ta jibgo mana masu zazzaɓi.

Limamin wani ƙauye ne wajen Dandamisa. Atuni ya daɗe yana cinsa, har na'ibinsa ke jan salla, don alwala ba ta zama masa. Likita ya ce sai an gano ko amiba ce, saboda maganinta daban yake.

Ku sabbin ma'aikata ku riƙe wannan: amiba da motsinta ake gane ta. In bayan gida na da ɗumi, za ka gan ta a madubin duba ƙwayoyin cuta tana miƙo gefe guda kamar ƙafa, sauran jikin ya kwarara ya bi. Da ya huce sai ta dunƙule, ta saje da ƙwayoyin mugunya.

Ƙanin Liman ke kawo bayan gidan a babur, don shi Liman na jin nauyin zuwa. Kullum ya iso abin ya huce, kullum in mayar da shi. Ran nan ya ce, "Malam Sani, ko dai ba ka son yi ne?" Gajiya ta hana ni ma jin haushi. Na ce, "Baba, sai dai shi ya zo, a yi nan take."

Liman ya zo, ya rame, bai ko iya haɗa ido da ni. Ba wuta, sai na kunna fitilar wayata ƙarƙashin gilashin da na shafa bayan gidansa a kai. Na daɗe ina dubawa, idona na ruwa, wuyana ya ƙage. Can sai ga ta, tana jan jiki, da jajayen ƙwayoyin jini da ta haɗiye.

Na ce, "Allah gafarta Malam, zo ka gani."

Ya leƙa, ya ce, "Subhanallah. Wannan 'yar abar ce ta raba ni da sahun gaba?"

Ya sha magani, ya koma limancinsa. Ni kuwa ranar ko ruwa ban sha ba na kira na gaba a layi.

Tun ranar na gane, kafin ka kama ƙwayar da ranta, sai ka fara lallashin kunyar mai ita. Wannan ba a koya mana shi a makaranta ba, kuma shi ya fi cin ƙarfi.