Tocilar da Ba a Leƙa Idonta

Ku matso, 'ya'yan nan, ku da kuka shigo gyara jiya-jiya. Shekarata ashirin da ɗoriya ina narka dalma a zauren nan na Ƙaraye, tun Malam Ya'u, mijina, yana da rai yana koya mini gyaran rediyo da tocila. Ban san bihim ba a boko. Idona da yatsuna su ne karatuna. Cikin ranakun aikin nan duka, wadda har gobe ban iya mantawa da ita ba, ita ce ranar da na ɗaga hannu na bugi yayan mijina.

Bari ku san ko wane ne shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake cewa. Shi ne shugaban masu gyara a Rogo Sabon Gari, shi ya koya wa Malam Ya'u sana'a. Da Allah ya ɗauki mijina, mutane suka ce mace ba ta zama a zauren gyara, shi ya tsaya ya ce, "Ku kai mata gyara, ni na tsaya mata." Da kalmar nan tasa nake ci har yau. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, tartsatsin walda ya cinye shi tun yana saurayi. Da na dama kaɗai yake aiki, da shi yake ciyar da gida.

To, ƙarshen damina ne, shinkafa ta fara nuna. Da hantsi sai ga Malam Habu na Turawa, manomi ne mai son tarkacen lantarki, komai ya gani sai ya saya ya kwance. Ya zaro wani abu daga aljihu kamar tocilar ƙarfe, siririya, mai nauyi.

"Iya, wannan sunanta leza. Haskenta ba ya bazuwa, tsinke ɗaya yake tafiya, shuɗi. Da ita nake korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafata. Ƙwayar cikinta ta ƙone, dayod ake ce mata. Ga sabuwa na aiko an kawo mini daga Kano. Ni hannuna rawa yake."

Na ce, "Ai tocila tocila ce, ɗan nan."

Bai yi dariya ba. Ya juya mini gefen rigarsa, ga huda baƙa kamar ta garwashi. "Ita ta yi wannan daga taku uku. In ta shiga ido, kafin a ƙifta an gama, kuma babu magani. Don Allah, Iya, kada ki leƙa ta." Ya ajiye mini tabarau mai jan gilashi, ya ce in sa kafin in kunna. Ya hau babur ya tafi duba masu gadin gona, ya ce zai dawo kafin azahar.

Na yi bismillah na shimfiɗa faifai. Tsarina kenan tunda ba na rubutu: abin da na fara cirewa yana dama, na ƙarshe yana hagu, mayarwa kuma daga hagu. Na murɗe gindin na zare batir. Na murɗe kan, ƙaramin gilashi ya fito, na ɗora shi a kan auduga. Can ciki akwai gidan tagulla, ƙwayar tana dunƙule a tsakiyarsa, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, da ƙafafu uku kamar gashi, biyu a manne da ɗan allon da ke ba ta wuta. Kafin in taɓa, na ɗiga jan farce a gefen ƙafar da jar waya ta nufa, don in an juya ƙafafun nan sabuwar ma ta mutu. Na narke dalmar, na tura tsohuwar waje da ƙusa mai dakusasshen kai. Sabuwar kuwa sai da na taka ƙasa da tafin ƙafa na taɓa ƙarfen ƙofa, don Habu ya ce ko ɗan tartsatsin lantarkin da ke jikin mayafi yana kashe ta. Na matsa ta cikin gidanta a hankali. Dalma kuma taɓi-ka-ɗauke, don ba ta son zafi.

Na mayar da komai. Na sa tabarau, na sa batir, na nufi bango da ita, na danna. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Raina ya ba ni gindin ne bai zauna a kan batir ba.

Ina shirin kwancewa sai na ji, "Salamu alaikum." Muryar Yaya.

A nan na yi kuskurena. Na ajiye ta a kan benci da batir a ciki, na sauka na durƙusa, kamar yadda na saba shekara arba'in.

"Uwar Binta, yau kuma tabarau? Ko Makka za a koma?"

"Sannu da zuwa, Yaya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Yana gaisuwa, hannunsa yana kan benci. Kun san hannun mai gyara, ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya ɗauke ta, ya auna nauyinta.

"Ya jikokin?"

"Suna lafiya. Yaya, wannan ba..."

"Ya damina? Tocilar nan ta mutu ne?" Ya danna, ba ta kama ba. Ya buga gindinta a tafin hannunsa sau biyu, ya murɗa shi ya ƙara matsewa. Na ji ɗan ƙaran nan, ƙyas, na batir ya zauna. 

"Yaya, mai ita ya ce tana ƙuna."

"Tocila? Ke dai. Ina gyara tocila tun ba a yaye ki ba."

Duk wanda ya taɓa gyara tocila ya san abin da ke biye. Ka juyo ta, ka kawo ta ido, ka danna ka ga ko zaren ƙwan yana ja. Haka ya koya wa mijina, haka mijina ya koya mini. Na ga ya juyo bakinta. Na ga ya karkatar da kai ya kawo idon dama, wanda ya rage. Na ga babban yatsansa ya hau maɓallin.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na kai wa hannunsa duka da iya ƙarfina.

Hasken ya fito. Shuɗin tsinke ya wuce ta gefen kunnensa ya soki bakin hularsa, ya haye rufi. Tocilar ta faɗi a kan faifai tana ci, don maɓallin irin mai zama ne. Na kife ta da ƙafa ta fuskanci bango, na lalubo gindin na zare batir. Zauren ya cika da ƙaurin zare.

Na koma na durƙusa. Na ce a raina, shi ke nan, na bugi wanda ya tsaya mini, gobe a rufe zauren.

 Ya cire hular, ya kawo ta kusa da idonsa, ya sa ɗan yatsa a inda zaren ya ƙone ya yi baƙi. Ya dubi faifan, shi ma da tabon ƙuna.

"Innalillahi," ya ce a hankali. Can ya ce, "Uwar Binta, hannunki da nauyi."

"Ka gafarce ni, Yaya."

"Tashi. Miƙo mini tabaran nan. Nuna mini yadda kika kwance ta, daga farko."

Ya zauna a kan tabarma, ni ina kan benci, abin da bai taɓa faruwa ba. Habu ya dawo ya same mu a haka, ya karɓi abarsa tana aiki, shinkafarsa ta tsira. Hular kuwa Yaya bai yar ba. Tana rataye a rumfarsa a Rogo, duk wanda ya juyo tocila zai leƙa sai ya nuna masa ita.

Abin da na koya kenan, ku riƙe. Sabo shi ke ciyar da mai gyara, shi ne kuma yake makanta shi ran da sabon abu ya zo da tsohuwar kama. Kuma laifin ranar ba na Yaya ba ne, nawa ne. Tun daga ranar, ko wane ne ya yi sallama a ƙofar nan, bakina ne ke amsawa. Hannuna yana zare batir tukuna.