Bidiyon da Sani ya ɗauko wa Baba

Jama'a, ku ji abin da ya faru!

Ina cikin tram, jirgin ƙasa na cikin gari, a unguwar Guillotière, sai ga kiran ƙanena Sani. Shi da abokansa suna ratsa dajin Ostiraliya a camping-car, motar da ake kwana a ciki, kwana tara babu rezon waya. Bai san Baba ya rasu ba! Kawu ya hana a gaya masa ta waya, wai sai ya dawo.

Yana ta dariya: "Yaya Hadiza, jar ƙasa sak hanyar Agadas da Baba ke bi da babbar mota! Na ɗauko masa bidiyo!"

Na ce, "Sani, sami wuri ka zauna."

Sai saƙonnin kwana tara suka fara shigo masa. Dariyar ta ɗauke.

"Yaya, kowa na rubuto mini Allah ya jiƙan rai. Ran wa?"