Nas Bu da Fiton Mata Masu Nitso

Kafin motar farko ta iso ƙaramin asibitin garinmu, Nas Bu Gye-sun ta riga ta jera auduga, ta ɗumama ruwan wanke kunne don kada jiri ya ɗebi tsofaffi. Sai layi ya fara. Yawancinsu matanmu ne masu sana'ar nitso a teku, waɗanda ruwan sanyi ya sa ƙashi ya toho musu a kafar kunne har ya kusa toshe ta. Likita kan zo daga birni ya kankare ƙashin. Jinyar da ke biyo baya ta Nas Bu ce. Wannan watan za ta ajiye aiki. Gwiwoyinta sun ƙi.

Ban iya yabo ba. Abin da na gani zan faɗa.

Bara aka yi wa mahaifiyata aikin, kunne biyu. Ya yi kyau, gwaji ma ya nuna tana ji fiye da da. Amma ranar da aka zare audugar ƙarshe na yi mata magana, ta dube ni kamar baƙo.

"Wa ya zuba maka murya a gwangwani?"

Ramin kunnen ya faɗaɗa, amon komai ya canja: cokali a kwano, tsuntsu, teku. A gida abin haushi ne kawai. A ruwa maganar rai ce. Matanmu bibbiyu suke nitso. Wadda ta taso sai ta saki numfashi da fito, kowacce da irin nata, da shi abokiyarta ke sanin ta fito lafiya. Inna ta daina bambance su. Shugabar matan ta hana ta shiga ruwa, tunda ba za ta san ko Gwaggo Mal-sun, abokiyar nitsonta, ta taso ba. Inna ta rataye kayanta, ta koma kallon bango.

Nas Bu ba ta rarrashe ta ba.

"Yaya, tsohon jin ba zai dawo ba. Daina jiransa."

"To me kuka gyara?"

"Toshewa. Sauran koyo ne, kuma ke za ki yi."

A ranar hutunta, Nas Bu ta zo bakin teku tana dogara sanda. Ta zaunar da Inna kan dutse, bayanta ga ruwa, ta ce matan su riƙa fito ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce wannan?"

"Mal-sun."

"Ni?" Gwaggo ta daka tsawa daga gefe. "Ga ni nan ina cin dankali! Tun muna 'yan mata muke ruwa ɗaya, ki haɗa ni da mai fiton tsohuwar buta?"

Aka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba.

Haka duk mako, har sanyi ya wuce. Ba aikinta ba ne. Na sha ganinta a tasha tana murza gwiwa, ido a rufe.

Wata safiya mata suka taso, fito ya cika iska, Nas Bu ba ta tambayi komai ba. Inna ta yi kasaƙe. Sai ta zabura tsaye.

"Mal-sun ba ta taso ba!"

Gwaggo na can a saman ruwa rungume da tulun iyonta, ta toshe baki da hannu, da gangan ta ƙi yin fito. Nas Bu ce ta shirya hakan. Shugaba ta dubi Inna, ta ce, "Gobe ki zo da kayanki."

Nas Bu, mai sanyin hannu, ke ce kika ƙi yi mana ƙarya, kika kuma ƙi tafiya bayan kin faɗi gaskiya. Ke ce kika san ji daban, gane abin da aka ji daban. Masu zuwa bayanki, ku tambayi mutum yadda duniya take masa a kunne, ku kuma tsaya ku ji amsar.

Har yau Inna cewa take muryata ta gwangwani ce. Amma ko cikin hayaniyar kasuwa na kira ta, tana waiwayowa.

Mun gode. Je ki huta da gwiwoyin nan.