Ɗantani Mai Kwayil da Tafiyar Jibrin

Kullum da hantsi za ka iske Malam Ɗantani a bakin tashar Tudun Wada, zaune kan tsohuwar taya, yana goga wasu ƙarafa biyu ƙanana da magagari. Kwantak ake ce musu. Su ke haɗa wutar batir da kwayil su kuma yanke ta, ba hutu. In ka tambaye shi sai ya ce, "Kwayil tara wuta take yi. Sai an yanke mata take tofa ta cikin fulogi. In ka bar ta a haɗe, dahuwa za ta yi." Tun dawowarsa daga yaƙin Bama yake faɗa wa direbobi haka, amma wa ke ji?

Bature direba dai bai ji ba. Damina ta bara ya tsaya azahar, ya kashe lori ya mance makulli a kunne, har ya ɗora da tuwo da hira. Ana cikin haka aka shigo da Jibrin makiyayi daga Falgore a kan amuku, gadon ɗaukar majinyaci, ɓauna ta farke masa cinya. Asibitin da zai iya ɗinke shi sai Kano, kuma ranar lorin nan kaɗai ke gari. Aka murɗa, shiru. Kwayil ta yi zafi kamar kaskon ƙosai.

Inna Turai, uwar Jibrin, ta durƙusa. "Malam, shi kaɗai gare ni."

"Tashi, Inna, ba ni mayafinki," in ji Ɗantani. Ya jiƙa shi, ya naɗe kwayil, ya jira ta huce. Lori ta tashi.

"Ai da ta sake zafi mutuwa za ta yi," in ji Bature.

"Kai dai ja."

Ɗantani ya haye murfin tayar gaba, gefen inji a buɗe, goran ruwa a hammata, hannu ɗaya riƙe da jiƙaƙƙen mayafi a jikin kwayil. Jiƙaƙƙen zane kusa da wutar fulogi fa! Fasinjoji sun shaida yadda take fizgarsa, haƙoransa na haɗuwa, bai saki ba. Wajen Bebeji ruwan ya ƙare, wata mai tallan nono ta miƙa nonon da take talla, aka ci gaba da jiƙa mayafin da shi.

Malam Ɗantani, kai ne ka isa Kano da tafin hannu a saluɓe, ka tsaya sai da aka shiga da Jibrin kafin ka nuna wa kowa. Yatsunka biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, shi ya sa bana za ka ajiye magagari. Abin ya yi mana ciwo, wallahi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Direbobi, ku je ku zauna gabansa ku koya tun yana tashar, kuma ku riƙa zare makulli. Jibrin kuwa yana ɗingishi, amma a makon jiya da ƙafarsa ya kora shanunsa zuwa Doguwa.