Raƙumin da Ya Nufi Kogi Biyu

Ko zan manta komai na zamanmu kafin yaƙi, ban da ranar da dattawa biyu suka haɗu suka kira ni maci amana.

Kawuna yana Jabal Awliya, ƙafa ta zaunar da shi. Amininsa kuma ya koma Omdurman, yana sayar da yadi a Kasuwar Libiya. Tun suna samari suke buga shaɗaranji, darar nan mai sarki da sarauniya, amma irin tasu, wadda suka ƙara wa raƙumi: yana tsallake gida uku gaba, ɗaya gefe. Da yake kullum ina shiga gari aiki, ni nake kai wa kowa wasan ɗan'uwansa a takarda, kowa ya motsa a allonsa.

Sauran 'ya'yan suna da lambar gida. Raƙumi kuwa yadda suka saba faɗa nake rubutawa: "uku gaba, ɗaya wajen kogi" ko "wajen tudu". Hankalina bai taɓa kwanciya da wannan ba. A mota sai in yi ta buɗe takardar ina dubawa. Na roƙe su a ba shi lamba shi ma.

"Ya zol, bawan Allah, ka cika tsoro," in ji Kawu. "Akwai wanda bai san kogi ba?"

Rannan Kawu ya aika cewa raƙuminsa ya ci sarauniya. Aminin ya dubi allonsa, ya tara min maƙwabtan shago. "Raƙuminsa yana nan, ina ya ga sarauniyata? Kai kake gyara wa kawunka!" Na koma gida, Kawu ma ya ce shayin Omdurman ya saye ni. Ni da ko alƙalami ba na canzawa don kada a yi kuskure!

Ranar Juma'a na matsa wa aminin ya ɗauko allonsa muka je Jabal. Na ce kowa ya nuna gefen kogi a allonsa. Kawu ya nuna yamma, inda kogin Nilu yake a Jabal. Aminin ya nuna gabas, don a Omdurman can Nilu yake.

Suka yi ta dariya har da tafawa. "Khalas, shi ke nan, a sake daga farko," in ji Kawu. Babu wanda ya ce min yi haƙuri, kuma aminin bai taɓa wanke ni a gaban 'yan kasuwar ba.

Tun daga nan na koyi abu guda: ba na ɗaukar saƙo tsakanin mutum biyu sai sun zauna a gabana sun yarda da ma'anarsa. In abu ya ɓaci su za su shirya, ɗan aike ne zai kwana da sunan.