Wanda Yake Riƙe Mini Jirgi

Alhaji Mufutau ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni.

Maiɗakinsa, Alhaja Sikira, ita ta kira ni da kanta. Ta ce, "Malama, abokin gardamarki ya tafi." Na tambaye ta ina ya tafi, domin ba ɗabi'arsa ba ce ya yi tafiya bai sanar ba. Ta ce, "Inda ba a dawowa." Sai na gane.

Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma.

Da yawanku kun san shi a shagonsa na Nassarawa, inda yake sayar da kayan gyaran janareta da injin ban-ruwa. Bayarabe ne, ya zo Birnin Kebbi tun yana saurayi, kuma Hausar bakinsa ta garin nan ce tsantsa. Ni ba ta shago na san shi ba. Ta ƙaramin jirgin sama na san shi, irin wanda mutum yake tsayawa a ƙasa ya tuƙa da rimot.

Irin jirgin da muke tuƙawa ba ya tashi da mutum ɗaya. Dole wani ya riƙe, wani ya tayar da inji. Shi ne mai riƙe mini. A duk faɗin garin nan ban san wani na uku da ya damu da abin ba.

Ina dab da ritaya daga koyar da kimiyyar sinadarai ya yi sallama a gidana na Gwadangaji, rungume da kwali, yatsansa ɗaya a kumbure saboda kaɗa farfela. 'Yarsa ɗalibata ce a lokacin. Babban ɗansa ne ya aiko masa da jirgin daga ƙasar waje.

Ya ce, "Malama, ɗiyata ta ce babu ruwan da ba ki san asalinsa ba. Wanga abu ya ƙi tashi. Kuma fetur mai kyau na ba shi, ba na 'yan bumburutu ba."

Na shinshina tankin. Fetur ne gauraye da man inji, yadda ake yi wa ƙaramin janareta. Duk wanda ya yi rayuwarsa cikin injinan garin nan haka zai yi.

Na ce, "Alhaji, wannan injin ba ya shan fetur."

Ya ce, "To mi shika sha, hura?"

Bari in yi bayani, tunda koyarwa ba ta sakin mai ita. Ƙananan injinan nan iri-iri ne. Akwai mai shan fetur sosai, da fuloginsa mai tartsatsi kamar na babur, amma wannan na manyan jirage ne. Akwai wani tsohon yayi da ake kira dizal, alhali ginshiƙin mansa kananzir ne. Namu kuwa fuloginsa ba ya tartsatsi. Wani siririn zare ne a cikinsa, ana ɗumama shi da batir har ya yi ja. Da injin ya kama sai a cire batirin, man da kansa ya ci gaba da riƙe jan. Metanol ne kaɗai yake iya wannan aikin. Fetur ba ya iyawa, ko da za a kwana ana kaɗa farfela.

Na haɗa masa na farko a bayan kicin ɗina: metanol da man zurma na kemis. Da injin ya yi kuka, kajin maƙwabta suka watse, Alhaji Mufutau ya riƙe hularsa yana dariya kamar an yi masa haihuwa.

Ba da daɗewa ba na sayi nawa jirgin. Ban nemi shawarar kowa ba.

Muka raba aiki: mai nawa ne, inji nasa. Daga nan gardama ta samo asali. Komai na zuba a galan shi "naituro" yake ce masa. Na gaya masa har na gaji cewa naituro ɗan ƙari ne kawai da ake ɗigawa don injin ya ƙara kuzari, kuma sau da yawa ma babu ko ɗigonsa a haɗin da nake yi, saboda samunsa a nan sai an wahala. Sai ya ce, "Na ji, Malama. Miƙo mini naituron."

Kullum so yake a rage man zurma don jirgi ya yi gudu. Kullum ƙi nake yi, domin wannan man shi ne ran injin, babu wani abin da ke shafe cikinsa sai shi. Ya sa mini suna Kwamishinar Mai. Ban taɓa amsawa ba, bai taɓa dainawa ba.

Ranar Asabar, idan an gama girbin shinkafa fadama ta bushe, mukan tafi wani fili a gefen hanyar Argungu. Ni ke tuƙa motata. Alhaja a gaba, shi a baya, fiffiken jirgi a kan cinyarsa. An yi surutu a unguwa, na sani. Alhaja ce ta kashe maganar, domin ba ta taɓa fashin zuwa ba. Takan shimfiɗa tabarma a gindin bishiya da fulas ɗinta, ta ce, "Ku je ku yi wasanku, tsofaffin yara. In an ƙare a tashe ni."

Wata rana jirgina ya faɗa cikin wata gonar da ba ta gama tsotsewa ba, can gefen filin. Kafin in buɗe baki ya naɗe wando ya shiga laka har gwiwa. Ya fito da shi ya ce, "Ba faɗuwa ba ce, Malama. Saukar gaggawa ce." Ya san ba na son a tausaya mini, bai kuwa tausaya ba.

Lokacin da maigidana ya rasu, mutane sun zo da kalamai masu yawa. Alhaji Mufutau kuwa ya turo Alhaja ta karɓi injinana. Metanol yana jan danshi, injin da aka ajiye ba kulawa tsatsa take cinye shi daga ciki. Duk tsawon takabata yana ɗiga musu mai yana juya su. Da na fita, ya dawo da su a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Asabar muna nan?"

Ga yadda muke yi. Shi zai durƙusa ya riƙe jirgin ta baya. Ni in maƙala batir a fulogi, in kaɗa farfela da ɗan sanda. Idan ya kama, sai ya miƙe ya ɗaga hancin jirgin sama, injin yana iya ƙarfinsa, ni kuma in kasa kunne ina murɗa allurar da ke daidaita shigar mai. Idan man ya yi yawa, injin yakan yi gurnani da hayaƙi. Idan ya yi kaɗan, sai ya yi ƙara siririya mai daɗin ji, mai yaudara, ya mutu a sama. Tsakanin biyun ake nema, kuma ba a samu da gaggawa. Mai riƙo sai ya jure, jirgin yana fizgarsa, mai yana feshe masa hannun riga.

Bai taɓa ce mini in yi sauri ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a filin, na lura rigarsa ta yi masa yawa. Injin ya kama, ya ɗaga hancin sama, na soma murɗa allura. Sai na ga fiffiken yana rawa, kuma ba rawar inji ba ce. Kafin in gama ya sauke hannu.

Ya ce, "Ya yi, Malama. Ya yi haka nan."

Bai yi ba. Kunnena ya ji, nasa ma ya ji. Amma na ce to, na tashi jirgin. Ya yi kewaye kaɗan, injin ya ɗauke a sama, na lallaɓa na sauke shi cikin kututturan shinkafa ba tare da ya karye ba.

Muna goge man da ya fesu a fiffike ya ce, "Malama, ki sayi na batir. Yanzu shi aka yayi. Ba haɗin mai, ba allura. Ki danna, shi tashi."

Na ce, "Wannan fanka ce aka yi wa fukafukai. Ba wari, ba murya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Awo. Amma ba shi jiran Mufutau."

Na gane abin da yake gaya mini. Ya gane na gane. Muka ci gaba da goge fiffike. Alhaja daga inda take ta ce rana ta yi, a zo a sha kunu.

Ɗazu na je gidan bayan an kai shi makwancinsa. Na yi gaisuwa, sannan na sa aka kira mini 'ya'yansa maza. Akwai galan a bayan shagonsa, ni na haɗa abin da ke ciki. Na gaya musu, kuma ina maimaitawa a nan don masu taya su kwashe kaya: kada a zuba shi a janareta, kada a zuba a risho, kada a bar shi inda yara suke. Guba ne, kuma idan ya kama wuta da rana da ƙyar ake ganin harshenta. A kawo mini shi a rufe.

Da zan fito Alhaja ta riƙe mini mayafi. Ta ce, "Jiragensa naki ne, ni ban san abin da zan yi da su ba." Sannan ta dube ni ta ce, "To Malama, wa zai riƙe miki yanzu?"

Na yi mata sallama na fito.

Na dawo gida na zauna a ɗakin da nake ajiye jiragen. Na yi tunanin shawarar Alhaji Mufutau da gaske, domin ba mutumin banza ba ne ya ba ni ita. Na batir zai dace da halina. Ni kaɗai nake zaune, ni nake tuƙa kaina asibiti, 'ya'yana sun gaji da roƙona in koma wurinsu. Da na batir zan je fili ni kaɗai, in tashi jirgi ni kaɗai, in dawo ba wanda ya ce mini ya yi ko bai yi ba.

Ba zan saya ba.

Saboda haka zan yi abin da waɗanda suka san ni za su yi mamaki. Ina neman taimako. Ina neman mutum ɗaya, mace ko namiji, a Birnin Kebbi ko Argungu, mai ƙarfin hannu da haƙuri, wanda ba ya ƙyamar mai a rigarsa. Ba sai ya san komai ba, zan koyar. Ina da faɗa, gara in faɗa tun yanzu. Idan an share makoki, Asabar da hantsi zan kasance a filin. Ban san ko wani zai zo ba. Zan je dai.

Ya Allah, bawanka Mufutau ya zo gare Ka. Ya zauna a garin da ba na haihuwarsa ba, ya mutu babu wanda yake kuka da shi. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya haske a cikinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Alhaja Sikira da 'ya'yansu juriyar wannan rashi. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa kada ya tsaya ga rubuta amin a ƙasa. Idan ya idar da sallarsa ta gaba, ya ambaci sunan Mufutau.