Gungumen Kirya na Malam Labbo

Tun ranar da aka shigo da motar garejinsa Malam Labbo ya ce za ta yi ɓarna. Ya zagaye ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya dangwali man da ke tsatsafowa daga famfon ɗaga kanta, ya goge yatsa a riga. "Wagga in ba a yi hattara ba, sai ta danne mutum." Ɗana Abdulrauf ne zai tuƙa ta, shi ya sa maganar ta tsaya mini a ƙirji.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Labbo bakaniken manyan motoci ne a bakin tashar Isa. Da an sallame asuba yake buɗe rumfarsa, ya share ƙasa, ya jera sifanoni bisa buhu, sannan ya zauna da kokonsa yana sauraren motocin da ke tashi. Sau da yawa kukan inji kaɗai zai ji ya aika a dawo da direba. A haka ya yi furfura, ba a taɓa kiran sunansa a taro ba.

Motocin dakonmu iri biyu ne. Akwai mai hanci, inji a gaba, direba a bayansa. Akwai marar hanci, fuskarta a shafe kamar bango, direba na zaune bisa inji. A mai hanci Abdulrauf ya koyi tuƙi. Da ubangidansa ya sayo marar hanci ta hannu ya ba shi, sai na tafi wurin Malam Labbo, don na san yaron yana jin maganarsa.

"Malam, ka ce mai ya ƙiya."

"Malami, ba ni ɓata mota don in faranta maka," in ji shi. "Mai hanci in anka yi karo, ƙarfe ka shan wuya kahin mutum. In ta lalace daji, marfi kawai za ka ɗaga. Amma ka taɓa ganin ta juya cikin kasuwar Bafarawa? Sai an tashi masu tabarma duka! Wagga ko tana juyawa inda jaki ka juyawa, bodinta ya hi tsawo, ta hi ɗaukar gero, direba na ganin akuyar da ke gaban tayarshi."

"To wace ta fi?"

"Wadda direbanta ya san halinta."

Sai ya nuna mini halin. Ba a kai wa ga injin marar hanci sai an buga famfo an kifa kan motar gaba ɗaya zuwa gaba. Wanda ya tashi a mai hanci kuwa ya saba ɗaga marfi ya tokare da ko wane kara, ya zura kai. Marfi in ya faɗo, ƙulu ne a ƙeya. Kan mota in ya faɗo, sai dai addu'a. Ƙarfen tokarewa na wannan motar ya karye tun kafin ta iso ƙasarmu, robar famfon kuma sai an aiko daga nesa. Malam Labbo ya ɗaure abin da zai ɗauru, sannan ya sassaƙo gungumen kirya, ya yi masa baki daidai wurin zamansa.

Da Abdulrauf ya zo ɗaukar motar ya ga gungumen, ya yi dariya. "Baba, tabarya za ni kai ma amarya?"

"Awo, tabarya ta. Ɗauka, ko ka aje mini makulli nan."

Da damina abin ya faru. Sun ɗauko gero daga Bafarawa, da rana tsaka inji ya ɗauke, a wurin da yanzu ba wanda ke son mota ta tsaya. Hafizullahi, mai geron, yana tare da shi, kuma shi ya ba mu labari. Ya ce Abdulrauf ya kifa kan motar cikin gaggawa, har ya zura kafaɗa, sai ya fito yana tsaki, ya ce, "Tsohon ga ba ya bari na in sha ruwa in ya ji." Ya jawo gungumen ya kafa, ya koma. Yana cikin kwance bututun mai famfon ya saki. Kan motar ya sauko da nauyinsa duka ya zauna bisa kiryar. Itacen ya tsage, amma bai karye ba. Abdulrauf ya rarrafo da ƙujewa a kafaɗa.

Da suka iso Isa, Malam Labbo bai ce ai na faɗa ba. Ya juya gungumen a hannu, ya dubi tsagar, ya ce a miƙo masa gatari ya sassaƙa wani.

Malam Labbo, na bakin tasha, kai ne ka ƙi gaya mini abin da nake son ji. Kai ne kake riƙe makullin mutum, yana fushi, har sai ka gamsu zai dawo gida. Akwai gidaje a Sabon Birni da Unguwar Lalle da suke cin tuwo da 'ya'yansu saboda taurin kanka, ba su ma sani ba. Ni na sani, Binta mahaifiyar Abdulrauf ta sani. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya tokare ka duniya da lahira.

Masu gareji da direbobi, ku je ku zauna da shi tun yana fitowa. Idonsa ya fara gajiya, ya ce da kaka zai ajiye sifana.

An gyara famfon. Ubangidan Abdulrauf ya ba shi zaɓi, ya koma tsohuwar mai hanci ko ya ci gaba da wannan. Har yanzu bai zaɓa ba, ni ma ban san wadda zan roƙa masa ba. Ba a kuma san wanda zai zauna a rumfar Malam Labbo bayan kaka ba.